Makullin Kantin Alhaji Audu

Ni dai har gobe in na tuna abin da aka yi wa Malam Isyaku raina ɓaci yake, wallahi. Shekarar da soja suka koma bariki ne, ina aikin kan kanta a kantin Alhaji Audu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, inda ma'aikatan asibiti ke sayen madara da sabulu in sun tashi.

Alhaji bai yarda makullin kantinsa ya kwana a hannun kowa ba. In an rufe, direba ya kai masa gida Hotoro. Da safe kuma Malam Isyaku, dattijon cikinmu mai kula da sito, ya hau kekensa daga Unguwar Gano ya je ya karɓo. Shekara da shekaru haka ake yi ba a taɓa jin kansu ba, don Alhaji ba ya komawa barci bayan asuba.

To, sai siyasa ta zo. Alhaji ya faɗa cikinta tsundum, kullum taro, barcin safe kuwa sai rana ta take. Kantin ya danƙa wa ƙanin matarsa Mansur, wani ɗan ƙwalisa da bai daɗe da gama karatu ba. Ranar farko ya tara mu ya ce, "Daga yau ƙarfe takwas kowa yana nan. Wanda ya makara sau uku ya nemi wani wurin. Yanzu mulkin doka ake, ba sani ba sabo."

Washegari dukanmu muna tsaye a ƙofar kanti, har shi Mansur ɗin, yana ta duba agogo. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan Malam Isyaku ya iso, gumi sharkaf, makulli a hannu. Ya ce Alhaji ne bai tashi da wuri ba. Mansur ya ɗaga yatsa ya ce, "Ɗaya."

Na ce, "Haba Manaja! Mutumin nan tun sassafe yana zaune a ƙofar gidan Alhaji fa!"

Ya ce, "Uwani, ni a nan nake ƙirga zuwa, ba a Hotoro ba."

Ka ji fa! Kamar Hotoron gidan surukansa ya je hira.

Da aka yi na biyu, Malam Isyaku ya same shi da ladabi ya ce ko za a roƙi Alhaji ya riƙa barin makullin wajen maigadi. Mansur ya ce, "Ni zan koya wa Alhaji yadda zai yi da makullinsa?" Ya juya abinsa. Ranar na ga dattijon nan ya kasa cin abinci. 'Ya'ya gare shi reras, ƙananu, ga shekaru sun ja. In ya bar nan wa zai ɗauke shi?

Na ce, "Baba, gobe in bai tashi ba ka buga masa ƙofa mana. Ai kantinsa ne."

Ya dube ni ya ce, "Uwani, ƙofar Alhaji?"

Kashegari tun kafin takwas sai ga shi a guje, yana haki. Ashe maigadi ya hana shi, ya ƙi ji, ya wuce har ƙofar ɗakin Alhaji ya yi ta sallama, da ya ji shiru ya ƙwanƙwasa. Aka jefo masa makullin ta taga. Ya zo ya buɗe kanti. Mansur ya yi murmushi ya ce, "Ka gani? Ashe ana iyawa."

Kafin azahar direban Alhaji ya shigo, bai ko gaishe mu ba. Ya ce wa Mansur, a gaban masu sayayya, "Alhaji ya ce wanda ya tashe shi daga barci da safe, kada ya sake ganinsa a kantinsa."

Innalillahi! Ban san lokacin da na fito daga bayan kanta ba. Na ce, "Ya jira, kun ce ya makara. Ya ƙi jira, kun ce ya yi rashin kunya. To ya kuke so bawan Allah ya yi, ya haifo makullin?" Mansur ya ce shi ba ruwansa, umarni daga sama ne. Mai doka kenan, jiya-jiyan nan yake mana ba sani ba sabo.

Malam Isyaku ya naɗe dardumarsa, ya ɗauki butarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Manaja, yau na makara?"

Mansur ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a."

Ya ce, "To, ku shaida." Ya ja kekensa ya tafi, bai ma hau ba.

Washegari babu wanda ya yarda ya je Hotoro, dole Mansur ya je da kansa. Muna tsaye a rana har aka fara kiran azahar sannan ya iso da makullin, yana zare ido. Na ɗaga masa yatsa na ce, "Ɗaya." Sauran suka tuntsire da dariya. Ni kam ban yi ba, don da bakina na ce wa dattijon ya buga ƙofar, kuma ga ƙusar da yake rataye butarsa nan babu komai a jiki.