Manyan Baƙi Masu Ƙaramin Jiki

Da Malam Barau ya yi ritaya daga koyarwa a Sule Tankarkar, sai ya zauna ya rubuta tarihin dillalan shanu na kasuwar Maigatari, sana'ar mahaifinsa. A damunar 1997 ya kawo rubutun zuwa Gumel, shagon Agnes, wata 'yar Filato da ta biyo mijinta garin ta buɗe wurin buga takardu da kwamfuta.

Duk inda sunan mutum ya fito Malam ya ja masa layi a ƙasa, ita ma haka ta buga. Da ya zo dubawa sai ya ɗan ɓata fuska.

"Aiki ya yi kyau, 'yata, amma layukan nan sun mai da shi kamar littafin ɗan firamare."

Agnes ta cire layin suna ɗaya ta sa shi da manyan baƙi. Ya ce wannan kamar ana yi wa mamaci tsawa ne. Sai ta nuna masa wani salo, manyan baƙi ne amma gajeru, tsayinsu daidai da ƙananan. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Yauwa. Sun fito, kuma ba su yi girman kai ba."

Sai dai sunayen sun cika littafin. Agnes ta wuni tana bin su ɗaya ɗaya, ko babin farko ba ta gama ba. Da la'asar Abdurra'uf ya shigo, malamin lissafi ne a wata sakandare, nan yake buga tambayoyin jarrabawa. Ya tsaya yana kallon abin da take yi.

"Anti Agnes, ai kwamfutar za ta iya yi da kanta. Umarni za mu rubuta mata: duk inda ta ga layi ta cire, ta sa wannan salon."

Ta matsa masa kujera. Ya rubuta 'yan layuka yana yi mata bayani, ta danna maɓalli, kafin ta sauke hannu littafin ya sauya.

Washegari Malam Barau ya zo, yana karantawa sai ya fashe da dariya. Sunan mahaifinsa, Ubale Maiƙaho, duk ya miƙe tsaf ban da harafin ƙ, wanda ya tsaya yadda yake a tsakiya. Haka ɗ da ɓ suka yi ko'ina, domin baƙaƙe masu lanƙwasa daga wani zubin haruffa daban Agnes take ɗauko su, umarnin bai san da su ba.

"Mai sunan ma haka yake da taurin kai," in ji Malam.

Da Abdurra'uf ya shigo, Agnes ta ce wannan karon ita za ta gwada, shi kuma ya zauna gefe. Ta ƙara wa umarnin cewa in ya tarar da mai lanƙwasa ya mai da shi babba, sannan ya rage masa tsayi. Sau biyu ta yi kuskure, ya nuna mata, daga baya abin ya zauna.

Ranar Alhamis Malam Barau ya tafi da littafin kasuwar Maigatari. Ya dawo da yamma takalminsa duk taɓo, ya ce 'ya'yan dillalai sun yi ta neman sunayen iyayensu da yatsa, har wani tsoho daga Gagarawa ya yi ƙorafin an manta da kawunsa.

"To a kawo labarinsa, Baba," in ji Agnes, ta jawo masa benci.