Jan Ɗigo na Bakwai

Musiliu ya durƙusa a kan dandamali, ya kama maɓallin tsakiya na fedal ɗinsa ya murɗa, sai ya ji ya cije. Ya sake gwadawa da hannun hagu, wai ko na daman ne ya gaza. Ina! Maɓallin ne ya kai ƙarshe.

Ƙarfe biyu na ranar Asabar ne, a wani zauren biki da ke Sabon Gari. Ana ta jera kujeru, ƙamshin jalof yana shigowa ta taga. Shekara ashirin da takwas ke nan Musiliu yana kaɗa jitar lantarki a bukukuwa. A Fagge aka haife shi, inda kakansa ya sauka daga Ogbomosho, kuma daga can har mahaɗar Bata kowa ya san hannunsa.

Fedal ɗin ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ana ajiye shi a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya mai ƙara sauti, a taka shi da ƙafa. Kwamfuresa ake ce masa. Ba na kamfani ba ne, wani mutum ne yake haɗa su da hannu ɗaya bayan ɗaya, har ya rubuta lamba 41 a gindinsa. Aikinsa guda: kiɗan da ya yi ƙarfi ya danne shi, wanda ya yi rauni ya ɗaga shi, su fito kai ɗaya. Da 'yarsa Fathia ta aiko masa da shi daga Legas bara, taɓe baki ya yi, ya ce mai hannu ba ya bukatar wannan. Ya jefa shi a durowa ya manta.

Mako bakwai da suka wuce kofin shayi ya suɓuce masa. Ba zamewa ya yi ba, yatsun ne kawai suka saki. Da ya ɗauki jita ranar, sai ya ji bugu biyu sun fito sosai, na uku ya mutu. Mahaifinsa ma da kofi ya fara, ya ƙare da shekara huɗu a kwance, ɓarin jikinsa a shanye, ana juya shi. Musiliu ya ce wa matarsa Raliat gajiya ce. Ya buɗe durowa ya ɗauko fedal ɗin.

Abin ya yi aiki, har ya ba shi tsoro. Sai dai kowace Asabar sai ya ƙara murɗa maɓallin kaɗan kafin raunin ya ɓuya. Don kada ya manta inda ya tsaya, yakan ɗiga jan farcen da Fathia ta bari a gida. Ɗigo shida sun zagaye maɓallin. Na bakwai da safiyar yau ya ɗiga shi bisa ƙiyasi, ga shi ya faɗa daidai inda maɓallin ya tsaya cak.

“Baba Musiliu, wannan ado ne ko lissafi?”

Ujunwa ce, mawaƙiyarsu, tsaye a kansa da makirufo a hannu. Shekara tara suna aiki tare, kuma mace ce mai idon tsiya, ba abin da ke wuce ta.

“Sirrin sana'a ne,” in ji shi, yana dariyar yaƙe. “Ke dai ki ji da maƙogwaronki.”

“Watan jiya guda uku na gani.”

“To kin iya ƙirga. Madalla.”

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi hannunsa na dama da ya ajiye a cinya, sannan ta koma wurinta.

Baƙi suka cika zauren, aka soma. Musiliu ya taka fedal, 'yar fitilarsa ta kama. Sauti ya fito sumul, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa, kowace tsirkiya tana jan numfashi mai tsawo. Mata suka miƙe da gwaggwaronsu, aka shiga rawa. Shi kaɗai ya san abin da ke faruwa tsakanin yatsunsa. Ɗan robar da yake kaɗa tsirkiya da shi yana ta juyawa, ba ya jin sa sosai, sai ya leƙa ya tabbatar yana nan. Gumi ya jiƙa masa kaftani, alhali iskar fanka tana kansa.

Bayan an dawo daga sallar la'asar, uban ango, Alhaji Halilu, ya karɓi makirufo zai yi godiya. Makaɗa suka tsaya, zauren ya yi tsit.

Sai wani sauti ya taso daga lasifika. Ƙar, ƙar, ƙar, kamar ɓera a cikin silin. Alhaji ya dakata, ya waiga. Mai kula da sauti ya taso yana jijjiga wayoyi, yana tsaki. Ƙarar ba ta tsaya ba. Mutane suka fara kallon juna.

Musiliu ma ya duba wayarsa, ya duba amfilifaya. Daga ƙarshe ya duba ƙasa. Ƙaramin yatsansa na dama ne yake karkarwa a kan tsirkiya, shi kuwa ko alama bai ji ba. Da babu fedal, ko na kusa da shi ba zai ji ba. Amma fedal ɗin yana ƙure, kuma aikinsa ke nan, ya ɗaga duk abin da ya yi rauni. Ya ɗauki karkarwar ya watsa wa mutum ɗari uku.

Ya sa hannun hagu ya kashe sautin jitar. Ƙarar ta ɗauke.

“Waya ce ta saki,” in ji mai kula da sauti. Alhaji ya ci gaba da godiyarsa. Da Musiliu ya ɗaga kai, idon Ujunwa na kansa.

Ya yi ta maza ya ƙarasa waƙa huɗun da suka rage. Ana tashi, yana kiciniyar naɗe waya da hannu ɗaya, Alhaji Halilu ya hau dandamali da fara'arsa.

“Malam Musiliu! Kai ka yi mini kiɗa a nawa auren, amma wallahi ban taɓa jin hannunka ya zauna kamar yau ba. Tsufa bai taɓa ka ba.”

Ya miƙo hannu. Musiliu ya miƙa nasa, ya ga Alhaji ya damƙe yana girgizawa. Gani kawai ya yi.

A bakin titi Ujunwa ta tare adaidaita sahu. Ba ta tambaye shi ba, ta saka jitar a ciki, ta shiga ta zauna kusa da shi, fedal ɗin a cinyarta.

“Na kira Mama Raliat,” ta ce. “Za ta same mu a can.” Ta taɓa kafaɗar direba. “Asibiti, Malam. Yi sauri don Allah.”

Ran Musiliu ya ɓaci. Wa ya aike ta? Gida zai tafi, ya yi wanka, ya kwanta, gobe ya tashi garau. Ya sunkuya wajen direban don ya ce masa Fagge, unguwar da ya yi shekara hamsin da biyu yana faɗin sunanta.

Ya buɗe baki. Leɓensa na dama bai motsa ba, abin da ya fito kuma ba kalma ba ce.

Direban ya kalle shi ta madubi, ya murɗa totur.