Kwandon da Ya Kama Shaho

Da gindin kwandon wankinta ya tsage, Inna ba ta yar ba. Ta kife shi kan 'yan tsakinta a tsakar gida, saboda shaho.

Mai gidan haya ya shigo, ya ɗauka shara ce, ya taka da ƙarfi. Kukan tsakin ya ɗauke cak. Ƙafarsa ta burma ciki, tsagaggiyar roba ta kafe masa a ƙwauri, jini na bin takalmi.

Inna ta murɗe jiƙaƙƙen zanin gado, ta hau zabga masa a wuya, yana tsalle da kwando a ƙafa.

"Inna, tsaya ki cire min," ya ce.

Ta sake ɗaga zanin. "Ina ta gadin sama, ashe shahon ta ƙofa zai shigo."