Giwan Ruwan Baba Yusha'u

"Ka jira mana, shina zuwa," in ji Baba Yusha'u, ya dafe kwamfutar da hannu biyu kamar mai tsoron kada ta gudu, alhali gudu shi ne abin da ba ta taɓa iyawa ba.

Muna zaune a zaurensa a Rimawa, ni da shi da taubashinsa Mode, mun zuba wa gilashin ido. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya, cikin na'urar kuma yana huci kamar tsohuwar da ta hau tudu. Mode ya miƙe ƙafa, ya ce tun Sallar bara ake ce masa shina zuwa, ko dai bisa kunkuru kifin ya hau? Kafin ya rufe baki kwamfutar ta yi zafi ta sume, gilashi ya yi baƙi.

Ni Halilu tela ne, shagona jingine yake da katangar Baba Yusha'u, kuma ni ke da sola a layinmu. Haka anka yi na zama mai ciyar da kwamfutar, kuma shaidan rigimar da ba ta shafe ni ba.

Ga asalinta. Baba Yusha'u manomin albasa ne, ba masunci ba, ko kakansa bai taɓa riƙe koma ba. Amma wata shekara yana ban ruwa a bakin gulbi, ya jefa ƙugiya don wasa, Allah ya ba shi giwan ruwa. A faɗarsa kifin ya kai ɗan maraƙi. Mode ya tafi Kudu da albasa a lokacin, kafin ya dawo an cinye har ƙaya. Da anka ba shi labari sai ya ce shi dai ya san Yusha'u tun suna yawo ba wando, ko tarwaɗa ta gani sai ya yi salati ya ja da baya. Shi ke nan fa. Wurin suna, wurin biki, bakin masallaci, da Baba ya buɗe baki sai Mode ya ware hannuwa ya tambayi jama'a ko yau kifin ya ƙara girma.

Shaida guda ce ta rage. Ɗiyar Baba, Nuriyya, ma'aikaciyar jinya a Sakkwato, ta ɗauki bidiyo da waya ranar da anka kama kifin. Wayar ta ɓata, amma ta riga ta zuba bidiyon cikin tsohuwar kwamfutarta. Da ta sayi sabuwa ta ba shi tsohuwar, ta nuna masa inda zai danna. Ya riƙe wurin dannawar kamar Fatiha. Dannawar ce dai ba ta taɓa haifar da kifi ba.

Ranar kasuwar Goronyo munka ɗauke ta mu uku zuwa wurin Zayyanu mai gyara. Ya kunna, ya je ya sha shayi, ya dawo, ba ta gama farkawa ba. Ya ce ƙwaƙwalwar aikinta ce ta yi kaɗan, abin da suke kira ram, sai an ƙara mata wani.

Mode ya yi firamare har aji huɗu, kuma bai taɓa bari an manta ba. Ya buga cinya.

"Ram ai rago na! Turanci na, ni na san shi. Yaron ga cewa yay yi a yanka mata rago."

Baba Yusha'u ya dube ni ya ce in shaida, nama ɓarawon ga Mode ke so. Zayyanu yana dariya ya fito da abin ya nuna mana, wani ɗan falle kore, bai kai yatsa biyu ba. Baba ya tambaye shi tsakaninsa da Allah, in an sa za ta yi sauri? Yaron ya sosa ƙeya. Ya ce kamar tabarmar shanya ce, in ta yi ƙarama aiki kan cushe, in an faɗaɗa ta sai a samu sarari. Amma in rumbun da take ajiya ne ya tsufa, ko tabarma ta kai filin Idi ba za a ga wani sauri na a-zo-a-gani ba. Ba zai rantse ba sai an gwada.

Sannan ya kawo shawarar da ko ni na yi mamakin yadda ba ta zo mini ba. Ya ce a bar masa ita ya lallaɓa ya ciro bidiyon, ya sa a waya, a kalla a huta. Wallahi Baba kamar an zage shi. Ya ce waya ƙanƙanta abu take yi, ya ga Ka'aba ma cikinta kamar akwatin ashana. Mode a babban gilashi zai ga kifin nan ko kada ya gani. Ƙarin ram kuwa sai an kwashe albasa. Ya naɗe kwamfutarsa cikin zane munka dawo.

Ba a kai ga kwashe albasar ba ya kwanta. Ƙirji ne, da kumburin ƙafa. Nuriyya ta zo ta kai shi asibiti, sunka dawo da ledar magani da fuskar da ban so ba. Ya bar fita, anka mayar da shimfiɗarsa zaure don ya riƙa ganin mutane. Kwamfutar tana gefen matashinsa.

Mode kullum yana nan tun hantsi, kuma bai sassauta ba. Zai shigo ya ce ina kwana Sarkin Ruwa, yaya jama'ar gulbi. Raina ya ɓaci, na tare shi a waje na ce Baba Mode, a ji tsoron Allah, mutumin nan ba shi da lafiya. Ya ce in ya daina, ai Yusha'u zai gane mutuwa zai yi. Na koma shagona.

Wata safiya ina gyara masa matashi, Mode na zaune, Baba ya yi magana da ƙyar.

"Mode, ni dai ba ni son in tahi kana ce min maƙaryaci."

Na zaci Mode zai ce ya yarda, a wuce wurin. Ina! Cewa ya yi sai ya gani da idonsa. Amma ya tashi ba sallama, ya suri kwamfutar ya jefa cikin buhun gishiri. Jim kaɗan na hango shi yana jan ragonsa, wanda yake kiwo don layya, wanda ko jikokinsa ba ya bari su taɓa. Ranar kasuwar Goronyo ce. Ya ɗaga mini hannu daga nesa ya ce ai tun farko ya faɗa mana rago anka ce.

Kafin azahar Baba Yusha'u ya cika. Nuriyya na riƙe da hannunsa, ni ina bakin ƙofa. Munka yi ta kiran wayar Mode ba ta shiga. Anka yi wanka, anka yi salla, anka kai shi. Muna dawowa daga maƙabarta sai ga Mode bisa kabu-kabu, buhu a cinya, yana murmushi tun daga nesa. Da ya ga tabarmi a ƙofar gida murmushin ya tsaya a fuskarsa, bai san inda zai kai shi ba. Na tausaya masa ƙwarai, har na kasa dubansa.

Sai bayan sadakar uku, da mutane sunka ragu, Mode ya ce in kawo kwamfutar, wadda ya sayar da ragonsa anka ƙara mata ram. Munka zauna a zauren, Nuriyya daga bakin ƙofar cikin gida. Na kunna. Kada in yi ƙarya, jaki bai zama doki ba, ya dai daina kwanciya a hanya. Zoben ya juya, ya juya. Sannan gulbi ya bayyana.

Ga Baba Yusha'u nan, wando a naɗe, laka har gwiwa, duk haƙoransa a waje. Ya ɗaga kifin da hannu guda. Giwan ruwa ne, ba musu, mai kyau kuwa. Amma ɗan maraƙi? Ko ɗan akuya sai an yi masa alfarma. Dariya ta taso mini, na danne ta da tari. Cikin bidiyon yana ce wa Nuriyya ta ɗauka da kyau, ta matso, don in Mode ya dawo ya gani. Sau biyu ya faɗa.

Bidiyon ya ƙare. Na ce Allah ya jiƙan Baba, kifi dai an kama, ko da bai kai yadda ake faɗi ba.

"Kai mi ka sani?" in ji Mode. "Gilashin ga na yay yi ƙarami. Tsuke shi yay yi. Ai ya kai maraƙi."

Nuriyya ta rufe baki da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba. Mode ya ce in sake sa masa. Na danna, zoben ya fara juyawa. Ya gyara zama yana jira, igiyar ragon tana leƙowa daga aljihunsa, ya ware hannuwa a gaban gilashin yana aunawa, ya dubi tsakaninsu, ya ɗan ƙara buɗe su.