Injin Yanka Tayil Daga Shagon Yaya

Dogo mai ɗora tayil ne, kuma duk da sunan, gajere ne. Abokan aiki ne suka laƙaba masa tun yana koyon sana'a, sunan ya bi shi har cikin gida. Ya daɗe yana fama da wani tsohon injin yanka tayil da sai an bubbuga masa baya kafin ya tashi. Da ya samu aikin wani sabon gida mai bene, ya ce wannan karon dai sai sabon inji.

Bai ko yi tunanin wani shago ba sai na surukinsa, yayan matarsa, wanda shi ma Yaya yake ce masa. Yaya na da shagon kayan gini a bakin babban titi, kuma tayil ɗin da ke shimfiɗe a ƙasan shagon Dogo ne ya ɗora shi kyauta lokacin da za a buɗe. Ranar da zai je, matarsa ta ce za ta bi shi ta gaida ɗan'uwanta.

Yaya ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo musu lemo mai sanyi. Da ya ji abin da ya kawo su, bai kalli injinan da ke jere a kan kanta ba. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da wani kwali yana kaɗe masa ƙura.

"Wannan ba kowa nake nuna wa ba," in ji shi. "Sai ka gaji da shi ka bar wa jikokinka."

Dogo ya biya, sannan ya ce a rubuta masa rasit. Yaya ya kwashe da dariya.

"Tsakanina da kai har da rasit? Ko kotu kake shirin kai ni?"

Duk suka yi dariya, har Dogo ya ji kunyar tambayar.

Injin ya yi 'yan kwanaki yana aiki lafiya lau. Wata safiya Dogo yana banɗakin sama, ya gama yanka gefen wani tayil, ya kashe injin ya ajiye a ƙasa, ya juya zai ɗebo siminti. Sai kawai injin ya tashi da kansa. Ya yi tsalle a kan tayil ɗin da aka gama shimfiɗawa, ya tsattsaga su, faifan yankan ya ratsa takalmin Dogo ya shiga ƙafarsa. Mai fenti da ke aiki a ɗakin kusa ne ya zo da gudu ya fizge wayar daga soket, ya ɗaure masa ƙafar da rigarsa ya kai shi asibiti. Aka yi masa ɗinki, likita ya ce kada ya tsuguna sai ciwon ya haɗe. Mai gidan ya zo duba shi, ya yi masa sannu, sannan ya ce shi ba zai iya jira ba, ya ba wani aikin.

Da Dogo ya fara iya takawa, ya ɗauki injin a kwalinsa ya ɗingisa zuwa shagon. A ransa magana ce ta cikin gida: Yaya zai yi salati, ya karɓi injin, ya ba shi wani. Ya tarar da masu saye a tsaye. Yaya ya kalli kwalin, ya kalli bandejin, fuskarsa ta canza.

"Ruwa ya shiga cikinsa," ya ce, bai ko buɗe kwalin ba. "Ku masu tayil haka kuke, komai sai kun jiƙa."

"Yaya, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da kansa ya tashi."

"Inji ne ko aljani?" Masu sayen suka yi dariya. Yaya ya nuna wani allo da ke rataye a bayansa, wanda aka rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. "Ka iya karatu ai. In na karya maka doka, kowa sai ya zo."

Dogo ya tsaya yana kallon ƙasa, a kan tayil ɗin da shi ya shimfiɗa. Ya ɗauki kwalinsa ya fita.

A jikin kwalin akwai adireshin wurin gyara na kamfanin da ya ƙera injin, sai ya wuce can ko za a gyara masa. Makanikin da ya karɓa ya duba lambar da ke jikin injin, ya sake dubawa, ya ajiye sukudirebansa.

"Yaushe ka sayi wannan?"

Dogo ya faɗa masa.

"To, malam, wannan samfurin tun bara aka ce a dawo da shi. Makunninsa ne ke da matsala, yakan kama da kansa. Motarmu shago-shago ta bi tana kwashewa. A ina ka saya?"

Da Dogo ya ambaci shagon, makanikin ya girgiza kai. Ya ce ya san wurin, shi da kansa ya je. Mai shagon ya ba su 'yan kwalaye ya ce sun ƙare.

"Ko mantawa ya yi da wannan a ɗakin ajiya?" Dogo ya tambaya, yana nema wa surukinsa mafita.

"Allah ne masani. Amma musanya na ɗaukar lokaci, wasu ba sa son kayansu su kwanta, sai su ɓoye su sayar a hankali." Ya ce kamfani zai ba shi sabon inji, amma rauni da asarar aiki suna wuyan wanda ya sayar bayan an hana. Ya kwatanta masa ofishin da ke kare haƙƙin masu saye.

A gida Dogo ya faɗa wa matarsa komai. Tana ninke kayan yara, ta zauna da riga a hannu. Shi abin da ke cin ransa bai wuce yadda Yaya ya tsallake injinan kan kanta ya shiga ciki ya zaɓo masa wannan ba. Ya kira shi a waya, so yake kawai ya ji ya ce a yi haƙuri. Yaya bai ɗauka ba. Surukarsa, mahaifiyar su Yaya, ce ta kira daga baya, ta ce a bar maganar, kada a tona asirin gida a waje. Ba ta tambayi ƙafar ba. Washegari Dogo ya kai ƙara.

Ranar da aka kira su, ofishin ɗan ƙarami ne, teburi ɗaya da fanka mai ƙara. Jami'ar da ke sauraron ƙarar mace ce mai sanyin magana. Matar Dogo ta raka shi saboda ƙafar, ta zauna a benci ta bakin ƙofa. Yaya ya shigo da ƙamshin turare, ya fara da maganar allonsa.

"Wannan allon naka ba ya soke haƙƙin kowa," in ji jami'ar. "Wanda ya sayi kaya ya tarar da aibu a ciki, yana da damar a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da abin da ya biya. Balle kayan da aka ce a janye."

Yaya ya gyara zama. Ya kalli injin da ke kan teburi kamar yau ya fara ganinsa.

"Ranki ya daɗe, ni fa ban sayar masa da wannan ba. A tambaye shi rasit. Ba abin da ke fita shagona babu rasit. Mutumin nan kowa ya san tsofaffin kaya yake saya a kasuwa. Ya ga ina da rufin asiri ne, shi ya sa yake so ya ɗora mini."

Jami'ar ta juyo ga Dogo. Ya yi zaton musu a kan ruwa, ko a kan kuɗin asibiti, amma wannan bai taɓa zo masa a rai ba.

Sai ya ji motsin benci a bayansa.

"Yaya, ka ji tsoron Allah," matarsa ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ina tsaye ka shiga ciki ka ɗauko shi. Ya ce ka ba shi rasit, ka mayar da abin wasa."

"Ke wace ce a wurinsa?" jami'ar ta tambaya.

"Wannan mijina ne. Wannan kuma uwa ɗaya uba ɗaya muke."

Yaya ya juya ya dube ta. "Ni kike yi wa haka a gaban mutane?"

"Da ƙafar ta tafi gaba ɗaya, wa zai ciyar da 'ya'yana? Kai?"



Ofishin ya tura masu bincike shagon, suka tarar da sauran irin injin a bayan buhunan siminti, suka kwashe. Aka ci Yaya tara, aka sa ya ɗauki nauyin asibiti da asarar aikin, aka kuma sa ya nemo duk waɗanda ya sayar wa. Kamfani ya ba Dogo sabon inji. Ƙafar ta haɗe ya koma aiki, sai dai har yanzu in ya kashe injin sai ya zare wayar daga soket kafin ya juya baya.

Dangin matar suka rabu biyu a kan maganar. Wasu suka daina kiranta, ita ma ba ta bi su ba, amma Dogo yakan tarar da ita ta zuba wa waya ido. Yara suka yi ta tambayar yaushe za a je gidan Kawu har suka gaji suka bari.

Bayan watanni surukar ta kwanta a asibiti. Dogo ya je dubiya daga wurin aiki, da siminti a wandonsa, ya tarar da Yaya zaune shi kaɗai a bencin baranda. Babu wani wurin zama, sai ya zauna a ɗaya ƙarshen. Can Yaya ya yi gyaran murya, idonsa na kan bango.

"Ya ƙafar?"

"Ta warke," in ji Dogo.

Ya jira ko akwai wata magana a bayan wannan. Yaya ya ciro waya ya shiga latsawa. Da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mutum ɗaya zai iya shiga, Dogo ya ce masa ya fara shiga, ai mahaifiyarsa ce.