Shafin da Aka Yage daga Nyali

Tiyamike ta kwance ƙullin zanen a kan gadon asibiti, ta jera mujallun a gefen ƙafafun tsohuwar. Takardunsu sun yi ja, tawada ta koɗe. Nyali ke nan, mujallar waƙoƙi da wasu malamai suka riƙa bugawa da injin hannu a Zomba, zamanin da kowace kalma sai ta bi ta gaban hukumar tace rubutu. Shekaru ta yi tana farautarsu, daga rumfunan tsofaffin littattafai na Limbe har wurin wata mai suya da ta kusa naɗe mata fanke da fitowa ta uku.

"Agogo Nasibeko, ni jikar Malam Chikopa ce," in ji Tiyamike. Agogo, haka suke kiran kaka a harshensu.

"Ba sai kin faɗa ba," in ji tsohuwar. "Ga goshin nan kamar ƙofar coci. Shi ma haka yake faɗo wa mutum babu gaisuwa."

Tiyamike ta durƙusa ta gaida ta yadda ya kamata, sannan ta buɗe fitowa ta ƙarshe. Duk kwafin da ta taɓa samu, shafin tsakiya a yage yake. A nan waƙar kakanta take, wadda saboda ita aka ɗauke shi a mota wata safiya, bai dawo ba. A jami'a an ce mata ta haƙura, babu wanda ya taɓa ganin shafin. Ta ce su suka haƙura, ban da ita. Wannan tsohuwa ce ta buga mujallar a keken rubutu, kuma likita ya ce zuciyarta ta gaji.

"Hukuma ce ta yage?"

"Hukuma? Su baƙar tawada suke shafawa. Mu muka yage, da hannunmu. Ranar da aka kama shi muka bi kwafi-kwafi muka cire, muka zuba a murhu, muka ɗora tukunyar tuwo a kai."

"Kun ƙone duka?"

"Takarda muka ƙone, ƴar nan. Kafin ta shiga wuta mun raba waƙar mu huɗu: ni, da Nabanda, da Esnati, da wata ƴar garin Karonga mai manyan haƙoran gaba. Kowa ta haddace rabonta, ba ta san na ƴar'uwarta ba. Ko sun matse ki sai dai su sami rubu'i. Muka rantse ba mai rubutawa sai mulkin ya faɗi, mu haɗu mu ɗinke ta."

"Ai ya faɗi tun kafin a haife ni."

"Haka rediyo ya ce." Tsohuwar ta yi tari, ta nuna kofin ruwa. Sai da ta kurɓa ta ci gaba. "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Muka ce a bari a ga zaɓe na gaba. Ya zo, muka ce a ƙara gani."

"Ina sauran ukun?"

"Esnati ta fara tafiya. Ƴar Karonga ta bi miji ƙetare, gawarta aka dawo da ita. Nabanda kuwa bara muka kai ta, da farkon waƙar a cikinta. Ni kashi na uku ne rabona."

Wata ma'aikaciyar jinya ta wuce tana tura keken magani. Tiyamike ta daɗe tana kallon gurbin shafin. Can ta zaro wayarta, ta ɗora a kan matashi don ta naɗi muryar tsohuwar.

"Ɗauke wannan abin."

"Agogo, yanzu ba mai kama kowa."

"Ba hukuma na rantse wa ba, mata uku na rantse wa, kuma ba su nan balle su warware ni. Amma ba mu ce kada a faɗa wa jika ba. In kina da kai irin na kakanki, buɗe kunne. In goshin ne kawai kika gada, ga hanya."

Tiyamike ta ciji leɓe. Ta kashe wayar, ta jefa a jaka, ta ja kujera kusa.

Tsohuwar ta lumshe ido. Muryarta ta sauka ƙasa-ƙasa, kamar har yanzu akwai mai laɓe a bayan taga:

"Sun ƙirga awakinmu, sun ƙirga ƴaƴanmu,
ba su ƙirga abin da uwa ke raɗa wa goyonta ba."

"Maimaita."

Ta maimaita.

"Kin cika sauri. Ba jarrabawa ba ce. Sake."

Haka suka yi ta yi, baiti bayan baiti, har aka buga ƙararrawar korar masu dubiya.

A motar komawa Blantyre, Tiyamike ta zauna jikin taga, ƙullin mujallun a cinyarta, leɓunanta na motsi. Kwandasta ya miƙo hannu yana dariya.

"Anti, addu'a kike mana? Ki sa da birkinmu a ciki."

Ta miƙa masa kuɗin ba ta amsa ba, don kada baiti na biyar ya kuɓuce mata. Biro na cikin jakarta, ta ji shi yana tokarin cinyarta har suka fita daga Zomba. Ta gyara zama, ta koma kan baitin farko.