Ɗurin Ƙarshe na Arkip

Ranar da Arkip ya cika kwana arba'in da rasuwa, matarsa Ulyana ta aika a kira Fedot tun da hantsi. Ya same ta tsaye gaban bangon da bindigogin mamacin suke rataye. Guda bakwai ne, duk sabuwar ƙira a kan samfurin na kakanni, masu tashi da ƙyastu, irin waɗanda mayaƙan Kosak na kogin Don suka yi yaƙi da su. Shekara ashirin Arkip da Fedot suka yi a ƙungiyar ƙauyen da ke sa tufafin da, tana harba irin waɗannan bindigogi ranar biki. Garin albarushi da takarda kawai ake ɗurawa, don ƙara da hayaƙi. Harsashin dalma sai a filin gwaji, kuma ba mai shiga gida da ita a cikin bindiga.

"Ta tsakiyar nan, kum," in ji Ulyana. Haka take kiransa, don shi ne uban baftismar 'yarsu. "A ɗure take. Kwana uku kafin a kai shi asibiti na leƙa rumfa na gan shi yana ɗura ta. Ita nake so ka harba a kan kabarinsa yau. Hannunsa ne ya ɗura, kada ka taɓa komai."

Fedot ya sauko da ita. Ya zare sandar ɗuri ya zura a bututun, kamar yadda kowannensu ke yi da duk bindigar da aka miƙa masa. Arkip ya yi wa sandar tsaga daidai inda gari da takarda ke tsayawa. Tsagar ta tsaya yatsa biyu sama da bakin bindigar, kuma abin da sandar ta taɓa a ƙasa ba takarda ba ne. Dalma ce.

Ya buɗe ɗan kaskon da ake zuba garin kunnawa. Baƙi ƙirin, ƙonanne, ba a goge ba. Arkip mutum ne da ba ya cin abinci sai ya wanke bindigar da ya harba. Ke nan ya ja kunamar, kaskon ya kama, wutar ta ƙi shiga ciki, ya mayar da ita bango ya rataye. A makon ne likita ya gaya masa abin da ke cin hantarsa. Fedot bai buƙaci a faɗa masa inda bakin bindigar yake kallo ba a ranar.

Kwana arba'in ke nan Ulyana tana gaya wa duk mai zuwa gaisuwa cewa mijinta ya karɓi ciwonsa da haƙuri, bai taɓa karaya ba. Da wannan maganar take tashi, da ita take wuni.

"Bari in shiga rumfa da ita, Ulyana," ya ce. "Gari kan sha sanyi."

"Na san ku. Kana shiga za ka zazzage nasa ka zuba naka." Ta ɗaura ɗankwalinta. "Mu je, fadan coci na jira."

Maƙabartar tana kan tudu, kogin na ƙasa. Mutum tara na ƙungiya sun zo cikin shuɗin wando mai jan layi. Zinobi, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a jana'iza, ya tare shi a ƙofa.

"Fedot, riƙe ta da kyau mana, ba cokali ba ce."

"Kai dai ja baya da gemun nan. Bara ma rabinsa ka kai gida."

"Matata ta ce ya fi kyau a haka."

"Matarka ba ta gani sosai," in ji Yarmolai, shugaban ƙungiyar, aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Fada ya yi addu'a, aka zagaya da dafaffiyar alkama da zuma, kowa ya ɗebi cokali. Duk tsawon lokacin Fedot yana lissafi. In ya bar ramin wutar a toshe, bindigar za ta sake ƙi. Amma dokar ƙungiya ita ce, bindigar da ta ƙi tashi a nan take ake zaro ɗurinta, a gaban kowa. Dalmar za ta faɗo a tafin Yarmolai, Ulyana na kallo. Ya ciro tsinken ƙarfe ya buɗe ramin, ya zuba sabon gari a kaskon, ya ɗana.

Sama ake harbawa a kan kabari. Shi sai ya taka zuwa bakin tudun, ya saita tsakiyar kogin inda babu kwalekwale ko ɗaya.

"Kifi za ka harbo mana?" in ji Zinobi.

Ya ja kunamar. Ƙyastun ya buga, kaskon ya yi fuu, hayaƙi ya tashi. Shiru.

"Riƙe!" in ji Yarmolai. "Kada ka sauke. Ƙirga talatin."

Fedot ya fara ƙirgawa a zuci. A wannan gaɓar Arkip ya tsaya a rumfa, ya ji wannan shirun. Bindigar ta yi nauyi fiye da yadda ya san ta, bakinta yana ta rinjaya gefe kamar wani ya ɗora hannu a kai yana so ya juyo da ita. Ya danne ta a kafaɗa. Takwas. Tara. Yana jin warin tabar Arkip a jikin katakon.

A sha ɗaya ta tashi. Ta doke shi har ya ja da baya taku guda. Ƙarar ba irin ta takarda ba ce mai faɗi da taushi, busasshiya ce mai kaifi, kuma can tsakiyar kogin ruwa ya yi tsalle.

Mutum taran nan babu wanda bai gane ba. Matan sun toshe kunnuwa, Ulyana idonta a rufe, leɓenta na motsi.

Yarmolai ya dubi kogin, ya dubi Fedot, ya gyara hularsa.

"Arkip da cika gari!" ya ce da ƙarfi. "Yana kabari ma sai ya kurmantar da mu."

Dariyar ta zo a makare, amma ta zo. Zinobi ya fi kowa yi, yana goge ido da hannun riga.

Ulyana ta matso, ta dafa katakon bindigar da ke da sauran ɗumi.

"Me ya sa ta yi jinkiri, kum?"

"Garin ya kwana biyu a ciki."

Ta gyaɗa kai. Ta juya wajen fada. "Kun ji ko? Yana cikin wannan ciwon ma bikin kaka yake shiri."

Fada ya ce ya ji. Aka fara gangarowa zuwa gidan, inda abinci ke jira. Fedot ne a ƙarshe, bindigar a kafaɗar hagu, don ta dama ba ta ɗaguwa. Babu wanda ya jira shi, babu kuma wanda ya waiwayo.